Babbar Sallar Kiristoci: Tarihin Aƙidar Tashin Almasihu Daga Matattu

Shekarun baya na rubuta wani ɗan littafi da bai taɓa zuwa maɗaba'a ba, kuma yanzu ina gode wa Allah da bai je ba. A cikinsa akwai wata yarinya Kirista, maƙwabciyar tauraruwar labarin, kuma duk sa'ad da nake so mai karatu ya tuna da addininta sai in jawo Kirsimeti: shinkafa da kaza, sabon ɗinki, a zuba a langa a aika wa maƙwabta. Na ba wata abokiyar aikina ta duba mini, mutuniyar Zariya, Bahaushiya kuma Kirista tun daga kakanninta. Bayan mako 2 ta dawo mini da shi ta ce, "Malam, labarinka ya yi daɗi, amma wannan yarinyar taka ba Kirista ba ce, Musulma ce ka cire wa mayafi." Na ce da me? Ta ce a babi na 9 uban yarinyar ya rasu, na ɓata shafi 6 a kan zaman makoki, amma ko mutum ɗaya a gidan bai ambaci tashi ba. "A wurinmu Kirsimeti ita ce ƙaramar salla," in ji ta, "babbar ita ce Ista."

Wallahi na ji kunya. Ga mutanen da muka tashi tare, muna cin hutun Juma'a da Litinin na Ista tare duk shekara, amma ban taɓa tambayar kaina abin da ake tunawa ba. Wannan ya sa na koma karatu, kuma abin da na tsinta shi zan ɗan gutsura muku.

Kafin in shiga, ni Musulmi ne, kuma abin da muka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihis salam, yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158: ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, ɗauke shi aka yi. Saboda haka duk inda kuka ga na ce Yesu ya mutu ko ya tashi, to aƙidar Kiristoci nake ba ku yadda su suke faɗinta, da tarihin yadda ta yi tafiya a duniya.

Gicciye horo ne da Rumawa suka tanadar wa bayi da 'yan tawaye. Manufarsa wulaƙanci ce a bainar jama'a, a rataye mutum tsirara a bakin hanya domin duk mai wucewa ya shiga taitayinsa. Bilatus ya yi gwamnan ƙasar Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36 miladiyya, kuma masana tarihi suna sa gicciyen Yesu ko dai a shekara ta 30 ko ta 33, a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Tasitus, marubucin tarihin Rum wanda ba ya ko ƙaunar jin sunan Kiristoci, ya ambaci hukuncin a littafinsa wajen shekara ta 116.

To, Rumawa ba sa kashe maciji su bar kansa, kuma dabararsu tana ci. A shekara ta 6 wani Yahuza Bagalile ya tayar da ƙayar baya a kan ƙidayar haraji, aka murƙushe shi. Wajen shekara ta 45 wani Tudas ya ja jama'a zuwa Kogin Urdun da alkawarin zai raba ruwan, sojoji suka sare kansa, taron ya watse. Bar Kokba, wanda wasu manyan malaman Yahudawa suka ɗauka shi ne Almasihun da ake jira, ya yaƙi Rum daga 132 zuwa 135, da ya mutu maganarsa ta mutu. A tunanin Bayahuden wancan zamani, Almasihu sarki ne mai nasara, saboda haka in maguzawa suka kashe shi, an gane ba shi ba ne. Mabiya ko dai su koma gida, ko su nemi wani daga danginsa su naɗa.

Almajiran Yesu kuwa (haka Littafi Mai Tsarki na Hausa yake kiransu, tun fassarar da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka fitar a 1932) ba su yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bisa ga littattafansu da kansu, sun tsere a daren da aka kama shi, har babbansu Bitrus ya rantse bai san shi ba. Amma bayan 'yan makonni sai ga su a tsakiyar Urushalima, wato Birnin Ƙudus, garin da aka yi hukuncin, suna shela cewa Allah ya tashe shi a rana ta 3, sun gan shi, sun ci abinci da shi. Yana da ɗan'uwa, Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci jama'ar a birnin, amma ba wanda ya taɓa kiransa Almasihu. Ko masanin tarihin da bai yarda da mu'ujiza ba yakan amince da wannan: mutanen nan sun haƙiƙance sun gan shi, kuma ba don wannan yaƙinin ba da yau sunan Yesu Banazare yana cikin layi ɗaya da na Tudas.

A nan ya kamata mu tsaya mu gane me kalmar “tashi” take nufi a kunnen mutanen lokacin, domin a nan ne ni kaina na fi yin kuskure. Ba ana nufin ransa ya tafi sama ba ne, ko ya bayyana a mafarki, ko fatalwarsa ta fito. Duk waɗannan suna da nasu sunayen a harsunansu. Tashi na nufin jiki ya dawo da rai. Yahudawa kansu sun rabu a kai: Farisiyawa sun yarda, Sadukiyawa, waɗanda ke riƙe da Haikali, sun musa. Aƙidar ta yi ƙarfi ne a zamanin azabar Sarki Antiyokus, wajen shekara ta 167 kafin miladiyya, lokacin da ake yanka mutane don sun ƙi cin naman alade. Akwai labarin wata uwa da 'ya'yanta 7 da aka kashe ɗaya bayan ɗaya, suna mutuwa da begen cewa Wanda ya ba su hannu da harshe zai mayar musu da su. To amma duk wanda ya yarda da tashi a cikinsu, a ƙarshen duniya yake jiransa, na kowa da kowa a rana ɗaya, kamar dai yadda mu ma muke jiran tashin ƙiyama. Sabon abin da Kiristoci suka zo da shi shi ne cewa mutum ɗaya ya riga ya tashi a tsakiyar zamani, ana cikin biyan haraji, Bilatus na kan kujerarsa.

Girkawa kuwa abin dariya ma ya ba su. Masu falsafarsu da yawa suna ganin jiki kurkukun rai ne, wanda ya fita kuma me zai komar da shi? An ruwaito cewa da Bulus ya yi wa'azi a Atina sun saurare shi tsaf, har ya zo kan tashin matattu, nan wasunsu suka fara yi masa ba'a.

Rubutu mafi daɗewa da ya yi dogon bayani a kan batun shi ne wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga mutanen Koranti, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54, wato kafin a rubuta ko ɗaya daga cikin Bishara 4. A babi na 15 ya kawo wata taƙaitacciyar magana da ya ce shi ma karɓarta ya yi daga waɗanda suka riga shi, abin da ya sa masana ke ganin ta girmi wasiƙar da shekaru masu yawa. Ya jera waɗanda suka ce sun gani: Bitrus, da almajirai 12, da mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda ya ce yawancinsu suna raye, da Yakubu, sannan shi kansa, wanda a da farautar Kiristoci yake yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya ɗora addinin kacokan a kan wannan abu ɗaya. Ya ce musu in har tashin bai faru ba, to wa'azinsa banza ne, imaninsu banza ne, zunubansu na nan a wuyansu, matattunsu sun hallaka, su kuma sun fi kowa zama abin tausayi. Bai bar wa kansa ƙofar baya ba ko ɗaya, irin ta a ce to ai ko bai tashi ba koyarwarsa mai kyau ce.

Misalin da ya bayar, duk wanda ya tashi a karkara zai gane shi nan take. Ya kira Yesu nunan fari. Ku tuna da tumu. Ana tsakiyar yunwar damina, rumbu ya yi ƙasa, sai a karyo zangarniyar gero ta farko a gasa. Ba ta ƙosar da gida, amma duk wanda ya ci ya san gonar ta yi, girbi na tafe. Haka Kirista yake kallon tashin Yesu: tumun tashin ƙiyama ne, shaidar cewa saura ma suna biye. Daga nan sauran ma'anonin suka tsiro. Tashin, a wurinsu, hukuncin Allah ne da ya soke hukuncin Bilatus, ya tabbatar da cewa Yesu shi ne wanda ya ce shi ne. Shi ne kuma alamar an karɓi mutuwarsa a matsayin fansar zunubi, domin a aƙidarsu mutuwa ta shigo duniya ta hanyar zunubin Adamu, saboda haka in an karya mutuwa an karya abin da ya kawo ta. Har baftisma ma da haka suke fassara ta: nitsewa a ruwa binnewa ce, fitowa kuma tashi.

Labaran Bishara 4 ba su zo ɗaya sak ba, kuma masu suka sun daɗe da nuna hakan. Mata nawa ne suka je kabarin da asubar Lahadi? Mala'ika ɗaya suka gani ko 2? A Galili aka fara ganinsa ko a Urushalima? Bisharar Markus, wadda ake ganin ita ce ta farko, wajen shekara ta 70, a tsofaffin kwafe biyu mafi daraja na ƙarni na 4 ta tsaya ne cak a inda matan suka gudu daga kabarin a tsorace. Luka ya ce ya ci gasasshen kifi a gabansu, Yohanna ya kawo labarin Toma da ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusa, Matiyu kuma ya ambaci jita-jitar da ke yawo cewa almajiran ne suka sace gawar. Amma duka huɗun sun haɗu a kan cewa mata ne suka fara zuwa, kuma Maryamu Magadaliya na cikinsu. A matsayina na mai ƙaga labari wannan ya tsaya mini a rai. A al'ummar da shaidar mace ba ta da nauyi a gaban alƙali, in ni ne nake shirya labarin don a yarda, da dattawa zan aika. Selsus, wani Bagirke da ya rubuta littafin sukar Kiristanci wajen shekara ta 178, nan ya kama, ya ce duk maganar ta samo asali daga wata mace mai taɓin hankali. Masu kare aƙidar kuma har yau da wannan suke kafa hujja, su ce ba a bar matan a ciki ba sai don haka abin ya zo.

Maƙiyansu ma sun gane inda ƙarfin yake. A shekara ta 177 an yi wa Kiristocin birnin Liyon, a Faransa ta yau, kisan gilla a filin wasa, cikinsu har da wata baiwa mai suna Balandina. Da aka gama sai aka hana binne gawarwakin, aka bar su kwana 6 a fili, aka ƙone, aka share tokar cikin Kogin Ron, domin a ga ta inda za su tashi. A zamanin da Rumawa da yawa ke ƙone matattunsu, Kiristoci binnewa suke yi, kuma sunan da suka ba maƙabarta da Girkanci ma'anarsa ɗakin kwana.

Sai maganar Lahadi. Almajiran farko Yahudawa ne, ranar hutunsu Asabar, kuma dokar Asabar ba abin wasa ba ce a Attaura. Duk da haka suka ɗauki ranar farko ta mako, wadda ranar aiki ce, suka mai da ita ranar taro, saboda a ranar suka ce an sami kabarin wayam. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristocin yankinsa kan taru a wata tsayayyar rana kafin gari ya waye. Sai a 321 Sarki Konstantin ya mai da ita ranar hutu a daula. Daga Rum ta bi Turai, daga Ingila ta biyo Turawan mulki zuwa ƙasarmu. Wato ma'aikacin gwamnati a Kano ko Sakkwato da ke miƙe ƙafa ran Lahadi, da saninsa ko ba saninsa, albarkacin wannan tarihin yake ci. Da Rashanci ma sunan ranar Lahadi shi ne “tashi”, kuma shekaru 70 na mulkin gurguzu ba su canja shi ba.

Ista ta girmi Kirsimeti nesa ba kusa ba. Shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba a Rum ta shekara ta 336 ce, alhali tun ƙarni na 2 ake rigima a kan ranar Ista. In kuna tsammanin mu kaɗai ne ke saɓani a kan ganin wata, ku saurara. Ikilisiyoyin Asiya Ƙarama suna yin bikin ran 14 ga watan Nisan na Yahudawa, ko wace rana ta faɗo, Rum kuma ta ce sai Lahadi. Wajen 155 tsoho Folikaf na Simirna ya je Rum suka tattauna da shugaban ikilisiyar can, kowa ya ƙi sakin nasa, suka rabu lafiya. Wajen 190 wani shugaban, Fikto, ya so ya yanke hulɗa da mutanen Asiya gaba ɗaya, sai da aka ba shi baki. Taron Nikiya na 325 ya ce a riƙa yi rana ɗaya, kuma ƙa'idar da ta zauna ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa Ista ke yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Da Fafaroma Giregori ya gyara kalanda a 1582, ikilisiyoyin Gabas suka ci gaba da lissafi da tsohuwar, aka sake rabuwa. A 2025, shekara 1,700 cif bayan Nikiya, lissafin biyu ya haɗu a 20 ga Afrilu, aka yi ta kiran a daidaita, amma kowa ya koma gidan jiya.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne kabarin kansa. Wajen 135 Sarki Hadriyan ya cike wurin ya gina ɗakin gunki a kai. Bayan taron Nikiya Konstantin ya sa aka rushe shi aka tona, aka sami kabari sassaƙaƙƙe a dutse, aka gina majami'a aka buɗe ta a watan Satumba na 335. Turawan Yamma suna kiranta da sunan kabari, amma Girkawa da Larabawa da sunan tashi suke kiranta: Kanisatul Ƙiyama. Ana ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin wajen 637, lokacin salla ya riske shi a cikinta, babban limamin Kiristoci Sofroniyus ya ce ya yi a nan, ya ƙi, don kada Musulmi su mai da ita masallaci a bayansa. A 1009 kuwa halifan Faɗimiyya na Masar, Al-Hakim, ya sa aka rusa ta har ƙasa, aka sake ginawa a 1048, kuma neman ƙwato ta na cikin abin da ya kawo mayaƙan gicciye a 1099. Jinin da aka zuba a kan wannan kabari da masu shi suka ce babu kowa a ciki, Allah kaɗai ya san yawansa.

Yau ɗariƙu 6 ne ke raba ginin: Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Suriyaniyawa, kuma zaman 'yan marina ake yi. A 2008 limaman Girkawa da na Armeniyawa sun ba hamata iska a gefen kabarin, sai da 'yan sanda suka shiga. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga da ke jingine tun ƙarni na 18, domin ba a taɓa komai sai kowa ya yarda. Mabuɗin ƙofar kuma yana hannun Musulmi: gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa, al'adar da ake dangantawa aƙalla da zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi birnin a 1187. A watan Oktoba na 2016 masana daga wata jami'ar Atina suka ɗaga marmarar da ke rufe da makwancin, na tsawon sa'o'i kusan 60. Gwajin da aka yi wa turmin ginin da ke ƙasa ya nuna wajen shekara ta 345, wato dai nan ne wurin da mutanen Konstantin suka nuna. Abin da ya faru a can shekara 300 kafin su, wannan ba aikin na'ura ba ne.

A Turai an yi ta kai ruwa rana a 'yan ƙarnonin nan. Reimarus a ƙarni na 18 ya farfaɗo da maganar satar gawa, Strauss a 1835 ya ce almara ce da ta tsiro a zukatan mabiya, Bultmann a 1941 ya ce a bar batun jiki a riƙe ma'anar. A 1984 kalaman sabon bishop na Durham a kan batun sun tayar da ƙura a Ingila. Amma a majami'un Afirka, inda Kiristanci ya fi bunƙasa a yanzu, irin wannan fassarar ba ta sami kasuwa ba. Jiki suke nufi, kamar yadda Bulus ya nufa, Habashawa ma azumin kwana 55 suke yi kafin ranar.

Da na koma wurin abokiyar aikin nan tawa da ɗan abin da na karanto, ta saurare ni da haƙuri, tana murmushi kamar yadda za ka yi wa baƙon da ke kwatanta maka hanyar gidanku. Sannan ta ba ni labarin ranar da aka binne mahaifinta. Ta ce an yi kuka sosai, ita ma har ta shiɗe. Amma da aka zo zuba ƙasa, mahaifiyarta ta matso bakin ramin, ta ɗebi ƙasa a hannu, ta kira shi da sunan da take kiransa a ɗaka, ta ce masa, "Sai da safe." Na nemi izininta na sa wannan a babi na 9. Littafin dai har yanzu yana cikin akwati.